Ina zana tambari, amma godiya kawai nake samu

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai shekara 24 a Zariya. Na gama difloma shekara biyu ke nan, aiki bai samu ba. Tun ina makaranta nake taɓa zane a waya da manhajojin PixelLab da Canva, kwanan baya kuma na sayi tsohuwar kwamfuta. Ina yi wa masu ƙananan sana'o'i logo: masu turaren wuta da humra, masu kek da cincin, shagon ɗinki, har da wata Islamiyya. Naira dubu uku nake karɓa, in an dace dubu biyar. A wata mai kyau nakan yi takwas ko tara, amma da ƙyar rabi ke biya. Wani in na tura masa samfuri ya gani sai ya yi ɗif, bayan kwana biyu in ga zanena a hoton WhatsApp ɗinsa. Wata Hajiya sau goma sha ɗaya ta sa ni gyara a kan dubu uku, ƙarshe ta ce na farkon ya fi kyau.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na kawuna, yayan mahaifiyata. Ya buɗe gidan ruwan leda, na kwashe mako biyu ina yi masa tambari. Yanzu duk inda ka bi a unguwarmu ledar kake takawa. Da na kai masa ya ce "Allah ya yi albarka", shi ke nan. Umma ta ce kada in kuskura in yi masa maganar kuɗi. Baba kuma ya ce in bar wasan waya in je in zauna a shagon kayan gini na abokinsa. Wani abokina ya ce in sayi asusun Fiverr, wato shafin intanet da ake neman masu yin irin wannan aiki, mai sunan ɗan Ingila in riƙa cin dala. Malam, wannan abin sana'a ce ko ɓata lokaci nake yi?

Daga wani matashi a Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Sana'a ce. Amma yadda kake yin ta a yanzu, ba zan ce Baba ya yi kuskure ba. Ɗauko biro mu yi lissafi tare. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun watan Yulin 2024 naira dubu saba'in ne. A kan dubu uku-uku, sai ka yi tambari ashirin da huɗu a wata, kowa kuma ya biya cif, kafin ka kamo albashin da doka ta ce ba a ƙasa da shi. Kai kuwa tara kake yi, huɗu ko biyar ke biya. Dubu goma sha biyar ke nan in an yi sa'a. Cire kuɗin data, wanda ya ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Cire kuɗin cajin kwamfuta duk ranar da ba wuta. Abin da ya rage bai kai a kira shi riba ba. Baba bai ga zanenka ba, aljihunka yake kallo, kuma aljihun ne ya ba shi amsa.

Na lura a wasiƙarka ba ka yi kukan rashin masu nema ba. Mutum tara a wata suna neman yaro mai tsohuwar kwamfuta a Zariya, kawu ya yarda ya buga zanenka a ledar da ya zuba jarinsa a kai, wanda ya sace ma bai saci mummuna ba. Hannunka na da kyau ke nan. Abin da ba ka da shi ka'ida ce. Shagonka ba shi da ƙofa, kowa ya shigo ya ɗiba ya fita, kai kana gefe kana jiran a ji kunya a biya ka.

Hausawa tun kafin a san kwamfuta suna da kalmar da ta warware rabin matsalarka: kafin alƙalami. Malamin da za a ba aikin rubutu ba ya tsoma alƙalami a tawada sai an ajiye wani abu. Tela ba ya yanka shaddar sallah sai an ba shi na zare. Kafinta ba ya sayo katako da kuɗin aljihunsa. Ba wanda ya taɓa cewa waɗannan mutane ba su da kirki. To kai ma daga yau rabin kuɗi a gaba, kuma ba ka buɗe kwamfuta sai alat ya shigo. Hoton rasit ba alat ba ne, sai ka ga kuɗin a asusunka. Wanda ya ce "fara mu gani tukuna", ka tura masa ayyukan da ka yi wa wasu, ka ce ga abin gani nan. Na san abin da ke ranka: za su gudu. I, wasu za su gudu. Ka duba da kyau, waɗanda za su gudu su ne dai rabin nan da dama ba sa biya. Ba ka yi asarar kowa ba, kwanakinka kawai ka ƙwato.

Samfuri kuma kada ya ƙara fita daga hannunka tsirara. Ka tura shi ƙarami, da sunanka a rubuce a kwance bisa zanen sau biyu ko uku, yadda in an yanke sunan sai an yanke tambarin. Ainihin fayil sai an cika kuɗi.

Hajiya mai gyara goma sha ɗaya ba muguwa ba ce. Ba ka gaya mata inda iyaka take ba, ita kuma ba ta san abin da take so ba sai ta ga abin da ba ta so. Yawancin masu sana'a haka suke. Maganin abin yana kafin zane. Ka zauna da mutum ko ka kira shi minti goma, ka tambaye shi: me kake sayarwa, wa ke saya, a ina za a sa tambarin, a jikin kwalba ne ko a allon shago ko a hula, wane launi ne ba ka so ko kaɗan, nuna mini tambari uku da suka burge ka. Sannan ka rubuta masa saƙo guda, ba murya ba, rubutu: "Hajiya, kamar yadda muka yi, zan kawo samfuri biyu ranar Alhamis, ki zaɓi ɗaya. Gyara sau biyu yana cikin kuɗin. Daga na uku kowane gyara naira kaza ne. Kin ba da kaza, saura kaza." Ta amsa da "to", shi ke nan kun yi yarjejeniya. Kada ka ji nauyin rubutawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In Allah ya ce a rubuta, babu wani kwastoma da zai ce ka raina shi don ka rubuta. Kuma za ka sha mamaki: ranar da gyara ya zama na kuɗi, ranar Hajiya za ta san launin da take so.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da ba ka tambaya ba, domin a nan kuɗin yake. Na yi shekaru ina hulɗa da maɗaba'a, kuma na ga yara masu basira da yawa suna kawo abin da suke kira logo alhali hoto ne kawai. Bambancin shi ne wannan. Hoton da ka fitar daga waya, PNG ko JPG, ɗigo-ɗigo ne aka jera. A fuskar waya yana sheƙi. Ranar da aka buɗa shi ya cika allon shago mai faɗin ƙafa goma, sai gefensa ya zama kamar haƙoran zarto. Tambari na gaskiya da layi da lanƙwasa ake gina shi, abin da masu aikin ke kira bekta, a manhaja irin CorelDRAW ko Adobe Illustrator, ko Inkscape wadda kyauta ce. Shi wannan ko a kan hatimi ko a jikin tirela, kaifinsa ɗaya. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin buga banar wata makaranta daga aljihuna saboda na karɓi hoto ta WhatsApp na kai aka buga, ban san manhajar tana matse hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba. Da aka ɗaga banar, sunan makarantar kamar an rubuta shi cikin hazo. Mai makaranta bai ce komai ba, kallona kawai ya yi. Har yau ina tuna kallon.

Tunda ka sayi kwamfuta, ka ba CorelDRAW wata biyu na rayuwarka, domin ita ce yaren da mafi yawan masu firintin a ƙasar nan suke ji. Ka koyi bambancin launin allo da launin tawada: waya da haske take haɗa launi daga ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, abin da ake rubutawa CMYK. Shi ya sa shuɗin da ya yi ƙyalli a waya yake fitowa a dushe a takarda, kwastoma ya ce ba abin da ya zaɓa ba ke nan. Ka saba gwada kowane tambari da baƙi zalla a kan fari, sannan ka ƙanƙanta shi ya koma girman farcen babban yatsa. In har yanzu ana gane shi, tambari ne. In ya rikiɗe ya zama tabo, ado ne kawai. Masu buga leda da masu yin hatimi da masu ɗinkin kwamfuta a hula da riga ba sa son inuwa da ƙyalƙyali da launi bakwai, kuma a bugun leda yawan launi yawan kuɗi ne. Mai zanen da ya rage wa mai gidan ruwa launi daga huɗu zuwa biyu ba tare da tambarin ya lalace ba ya adana masa kuɗin da ya ninka ladan zanen. Irin wannan sanin ne ake biya.

Ga kuma wata dama da ɗan Legas ko ɗan Indiya ba shi da ita a kanka. Yawancin salon haruffan da ke cikin manhajojin nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka ga an rubuta sunan shago, harafi ɗaya ya fita daban kamar baƙo a gidan biki, ko kuma a jefar da lanƙwasar gaba ɗaya, "ƙosai" ya koma "kosai", "Ɗanladi" ya koma "Danladi". Akwai haruffan kyauta masu ɗauke da su, irin jerin Noto na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL. In kuma ka iya bekta, da hannunka za ka ƙera lanƙwasar a kan kowane salo ta zauna daidai. Haka rubutun ajami da na Larabci ga Islamiyyu da masu kayan mata da masu maganin gargajiya. Abu ɗaya zan roƙe ka: ka ƙyale dagin Arewa ya huta. An sa shi a tambarin ƙungiya, an sa a na gidan abinci, an sa a na masu gyaran waya. Ka ɗaga kai ka dubi zanen jikin ginin fadar Zazzau da kake wucewa kullum, ka dubi aikin wuyan babbar riga, aska takwas da sauransu, ka dubi zanen ƙwarya da na faifai. Taska ce a ƙofar gidanka.

Game da Canva, akwai abin da ya kamata ka sani kafin ya ja maka rigima. Ƙa'idar kamfanin ta ce tambarin da aka haɗa da samfuransu da hotunan rumbunsu ba a yi masa rajistar alamar kasuwanci, domin kowa na da damar amfani da irin wannan hoton. Ga mai cincin da ke sayarwa a unguwa wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai je neman lambar NAFDAC, inda ake tambayar shaidar rajistar alamar kaya, babban abu ne. Rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC daban, rajistar alama daban. Ita ta biyun a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya take, tana ɗaukar shekara bakwai a karon farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara goma sha huɗu. Ba lauya nake so ka zama ba. So nake in mai sana'a ya zauna da kai ya ji cewa ka san inda kayansa za su je bayan sun bar hannunka. Mutumin da ya ji haka ba ya taya ka dubu uku.

Wannan kuma ita ce amsar masu cewa ai yanzu manhajar ƙirƙirarriyar basira na fitar da logo cikin minti ɗaya. Gaskiya ne, tana fitarwa. Wanda hoto kawai yake so ya sa a WhatsApp ya riga ya tafi, kada ka bi shi, kuma kada ka karya farashi don ka riƙe shi. Amma na'urar ba za ta hau babur ta je wurin mai firintin ta tsaya a kansa har launi ya fito daidai ba.

To nawa za ka karɓa? Ba zan yanke maka adadi ba, kasuwar Zariya daban, ta Abuja daban, kuma naira ba ta zama wuri ɗaya. Ga dai hanya. Ka rubuta abin da kake buƙata a wata, da data da wuta da abin da za ka ajiye don ranar da kwamfutar nan za ta mutu, domin za ta mutu. Ka raba shi da yawan aikin da za ka iya yi da kyau, ba a gurguje ba. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka, ƙasa da shi albarka. Sannan kada ka riƙa faɗin kuɗi ɗaya. Ka ba mutum zaɓi uku: tambari kaɗai, tambari da sitikar kaya da katin kasuwanci, ko duka da allon shago da hotunan talla na wata guda. Bahaushe na son ciniki. In ka ba shi kuɗi ɗaya, kuɗin zai taya. In ka ba shi uku, hankalinsa zai koma kan wanne zai ɗauka. In ya ce a rage, ka rage kaya tare da kuɗi: "To a cire katin, sai ya koma kaza." Kada kuɗi ya sauka aiki yana nan yadda yake, in ba haka ba ka koya masa cewa farashinka na farko wasa ne.

Kuma ka fahimci wani abu game da tambari: sau ɗaya ake yin sa. Mai turaren wuta ba za ta dawo neman wani ba sai bayan shekaru. Amma sitikar kwalba tana ƙarewa, azumi na zuwa da tallan rangwame, sallah na zuwa, Islamiyya na yin walimar sauka da kalanda da takardar shaida kowace shekara, tela na son tambari a jakar da yake saka ɗinki. Tambari ƙofa ce, abincin yana cikin gida. Mutum goma da ke dawowa duk wata sun fi baƙi talatin. Ka ɗauko jerin duk wanda ka taɓa yi wa aiki ya biya, ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi yadda kasuwa take da abin da suke shirin bugawa. Sannan ka nemi mai maɗaba'a ɗaya mai amana ku ƙulla: kai ka kawo masa bugu ya ba ka la'ada, shi kuma in an kawo masa hoto mai hazo ya turo a sake zanawa a wurinka. Masu firintin sun gaji da gyaran aikin wasu, za su yi murna da kai. Lokacin siyasa in ya zo, aikin fasta zai yi yawa. A nan kam ba rabi ba, duka a gaba. Wanda ya faɗi zaɓe ba ya ɗaga waya, wanda ya ci kuma lambarsa ke canjawa.

Maganar abokinka. Fiverr kasuwa ce ta gaske, tun 2010 take, kuma 'yan Nijeriya na aiki a ciki da sunayensu, suna cire kuɗi ta kamfanin tura kuɗi na Payoneer. Na kuma gane abin da ke jan hankali: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canjawa ƙasa da ɗari biyar a hukumance ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar a farkon 2024, don haka aikin dala ashirin ya fi abin da kake samu a wata. Amma ka san kamfanin na cire kashi ashirin cikin ɗari na kowane aiki, sabon mai sayarwa kuma sai ya jira mako biyu kafin kuɗinsa su nuna, sannan zanen tambari na cikin layukan da suka fi cunkoso a wurin. Za ka iya shafe watanni ba wanda ya ƙwanƙwasa. Shi kuwa asusun wani da aka ce ka saya, ka bar shi. Ranar da aka nemi ka nuna katin shaida da fuskarka, ba ka da fuskar ɗan Ingila, za a rufe asusun da kuɗin da ke ciki, wanda ya sayar maka kuma ya riga ya ci nasa. Ko da ba a kama ka ba, kana gina suna ne ga mutumin da ba kai ba, da ƙarya a tushen cinikin. In za ka shiga, shiga da sunanka, bayan ka tara aiki goma sha biyu da ba ka jin kunyar nunawa, kuma ka nemi lungun da ba cunkoso: rubutun Hausa, ajami, sitikar kayan abincinmu ga 'yan'uwa da ke sana'a a Ingila da Amurka da Saudiyya. Ka ɗauke shi gonar bayan gida. Babbar gonarka tana tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni.

Za a ba ka labarin tambarin Nike, in ma ba a riga an ba ka ba. Wata ɗaliba mai suna Carolyn Davidson ce ta zana shi a 1971 a kan dala 35, daga baya a 1983 kamfanin ya ba ta zoben zinariya da hannun jari. Masu son aikin banza na son wannan labari: yi mini da arha, in na girma ba zan manta da kai ba. In an kawo maka shi, ka tuna musu cewa ko ita an biya ta dala talatin da biyar ɗin a lokacin, ba a ce ta jira 1983 ba.

Baba kuma kada ka yi musu da shi. Ka je ka durƙusa ka roƙi wata shida. Ka sayi ɗan littafi, ka riƙa rubuta kowane aiki da abin da ya shigo da abin da ya fita, ƙarshen wata ka kai masa ya gani, ka kuma ajiye wani abu a gida ko da kuɗin cefanen kwana biyu ne. Uba ba ya kiran abin da ke kawo cefane wasa. In ma ya dage sai ka je shagon, ka je. Ni ban ga asara a ciki ba. Shagon kayan gini wuri ne da 'yan kwangila da masu fenti da masu buɗe sababbin shaguna ke shiga kullum, kowannensu kuma na buƙatar allo da rasit mai tambari. Za ka kuma ga yadda mai shago ke cewa "ba bashi" yana murmushi, darasin da ka fi buƙata ke nan. Rana a shago, dare a kwamfuta, har littafin ya nuna wanne zai riƙe ka.

Na bar kawu a ƙarshe don na san shi ne ƙayar. A shari'a da doka kana da magana. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 kuma ta ce haƙƙin aiki na wanda ya ƙirƙire shi ne tun farko in ba a yi wata yarjejeniya ba, kuma mallaka shi ga wani sai a rubuce. Amma ka yi wa kanka adalci: kun yi ciniki kafin ka fara? Daga wasiƙarka ba ku yi ba. Kai ka shiga aikin kana tsammanin zai gane, shi kuma ya karɓa yana ganin ɗan ƙanwarsa ne ya taimaka masa da abin da yake yi a waya. Mai yiwuwa bai taɓa sanin mako biyu ka yi a kai ba. Don haka na baya ka bar shi. Kada ka rubuta habaici a Facebook, kada ka sa Umma a tsakiya tsakanin ɗanta da yayanta. Ba don haƙƙinka ba shi da daraja ba, sai don abin da za ka samu ta rigima bai kai abin da ke gabanka ba.

Ledar nan da kake takawa a unguwa ita ce tallarka mafi girma. Ka ɗauki hotonta mai kyau, da na buhun, da na motar rabawa in akwai, ka sa a gaban ayyukanka. Gidan ruwa kuma ba ya gama buƙata: allon ƙofa, rasit, rigunan ma'aikata, zanen jikin mota, kalandar da za a raba wa 'yan sari, wata rana ruwan gora da sitikarsa. Ka shirya samfurin biyu daga ciki, ka buga a takarda, ka je ofishinsa, ba gida ba, ranar aiki. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Kawu, wancan tambarin gudummawata ce ga gidan ruwa, Allah ya sa albarka. Yanzu na mai da abin sana'a. Ga waɗannan na ga za su dace da ku, ga kuma farashin da nake yi wa mutane, ku kuma na rage muku kaza." Da ka ce gudummawa ce, ka ɗaga kanka daga yaron da aka aika zuwa mutumin da ya yi kyauta, ka kuma gaya masa cikin ladabi cewa abin na da kuɗi. Rangwamen ka rubuta shi a takardar ya gani da idonsa, cikakken farashi a sama, ragi a ƙasa. Haka za ka riƙa yi wa duk ɗan'uwa daga yanzu.

In ya ɗauka, ka karɓi kafin alƙalaminka kamar na kowa. In ya yi dariya ya ce ai kai ɗa ne, ka yi dariya tare da shi, ka naɗe takardunka, ka roƙe shi abu ɗaya kafin ka tashi: ya haɗa ka da mai buga masa leda, da abokansa biyu masu gidan ruwa ko gidan burodi.